Ƙofar da Alidu Ya Kafa

Duk unguwar Nima an san bakin Abibatu mai koko, kuma ranar gobara Dramani ya ɗanɗana shi.

Wutar ta tashi ne bayan azahar daga wurin masu suyar kifi, lokacin maza suna kasuwar Makola wajen dako. Ɗakunan layin kuwa katako ne da kwano, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, ga iskar teku tana ingiza wutar. Ruwa fa? Famfo ɗaya ne a unguwar, shi ma sai ya ga dama.

Dramani tsohon soja ne, ba shi da yawan magana. Ya dubi inda iska ta nufa, ya ce babu abin da zai tsai da wutar nan sai an rushe ɗaki ɗaya, ta zo ta rasa abin ci. Ɗakin da ke kan hanyarta kuwa na Abibatu ne.

Marigayi mijinta Alidu ne ya gina shi da katakon akwatunan da yake ɗaukowa daga bakin teku. Bai bar mata ɗa ba, bai bar gona ba, ɗakin ke nan. Ta tare ƙofa, ta ce wuta ba ta ma iso ba, wa ya sani ko iska ta juya?

"Yaya, ki yafe mini," in ji Dramani. "Bayan naki gidaje ne har bakin kwata, da tsofaffi a ciki."

Mata suka janye ta tana zaginsa da Hausa, da ta ƙare ta ƙara da yaren Ga. Tana jin ana yaye kwanon rufinta, ta toshe kunne. Wuta ta iso filin, ta lashi ƙasa, ta mutu a nan.

Abibatu ta koma ɗakin maƙwabciyarta Salimatu. Mutane suna ta zuwa yi mata godiya, ita kuwa godiyar haushi take ba ta. Ai wanda bai yi asara ba, bakinsa da daɗi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci aka kira ta. Ashe layin duka ya fito, wannan da katako, wancan da kwano, har wani bakanike ya kawo ƙusoshi daga Abossey Okai. Ɗaki ya tashi, ya ma fi na da faɗi. Ta yi godiya, amma a ranta ta ce ba hannun Alidu ba ne.

Sai ga Dramani a sunkuye da ƙofa a bayansa, hannunsa naɗe da tsumma. Tsohuwar ƙofarta ce mai shuɗin fenti, har da ƙusar da Alidu yake rataye hularsa. Kafin a sa gatari, sai da ya tsaya cikin hayaƙi ya kwance ta a hankali, a nan ya ƙone.

Abibatu ta matso kusa da ƙofar. Ta shafa ƙusar, hawaye suka zubo, zuciyarta ta yi sanyi.

"Na zage ka, Dramani. Allah ya saka maka da alheri."

"Ba komai, Yaya. Ni ma da ɗakina ne, da na yi zagin."

Tun daga ranar, ludayin farko na kokonta na Dramani ne, kuma duk wanda ya riga shi zuwa sai ya jira.