Ƙaura ta Kan Iyakar Gona

Sabon gidan da Bunu ya gina bai yi nisa da tsohon ba. In ka tsaya a ƙofar babban gidansu, a wani ƙauye gabas da Minjibir, kana hango kwanonsa yana ƙyalli a bayan ɗorawa. Sai dai tsakanin gidajen biyu gonaki ne manne da juna, kuma mafi girmansu ta Malam Muntaka ce, mutumin da ko akuya ta kalli gonarsa sai ya nemi mai ita. Da rani ba wanda ya damu, amalanke ya yi ta ratsawa da bulo da katako har aka gama gini. Amma kowa ya san ƙa'ida: ranar da aka yi ruwan shuka hanya ta rufe, ba tayar da za ta sake taka gonar mutum sai bayan girbi.

Bunu ya yi niyyar su tare kafin ruwa. Sai ciwo ya kwantar da yayansa, aka kai shi asibiti a Kano, Bunu ya tafi jinya. "Kwana biyu ne," ya ce wa matarsa Fanna. Kwana biyun asibiti kuwa kowa ya san tsawonsa. Yana can ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, gari na wayewa duk ƙauyen ya fita da sungumi, kafin azahar an shuke ko'ina.

Ruwan nan bai bar Fanna haka ba. Ɗakin soron da take kwana da 'ya'yanta uku ya tsufa, kuma da safe ta ga azarar tsakiya ta tsage ta lanƙwaso, ƙasa na zubowa a kan gado. Ba sai an gaya mata ba, azarar nan ba za ta ɗauki ruwa na biyu ba. Gidan kuwa cike yake maƙil, ba ɗakin da za a raɓa da yara uku.

Ta je ta durƙusa gaban surukarta Ya Kolo.

"Ya, izini nake nema. Zan tashi da yaran nan."

"Ki tashi ta ina? Ta sama?" in ji tsohuwar. "An yi shuka, Fanna. Muntaka ya rantse duk wanda ya taka masa tsiro sai sun haɗu a gaban mai unguwa."

"Ta kan iyaka za mu bi."

Iyakar da take nufi wata siririyar turba ce tsakanin gona da gona, da tushen gamba jefi-jefi, faɗinta bai wuce tafin ƙafa biyu ba. Ya Kolo ta dogara sanda ta je ta leƙa azarar da kanta. Da ta fito ba ta ƙara gardama ba.

"Kada ki kira Bunu, ki bar shi ya ji da abin da ke gabansa," ta ce. "Ni na haife shi, izinina ya ishe ki."

Mazan gidan duk suna gona, don wanda ya yi wasa da kwanakin nan ya yi wasa da shekararsa. Saboda haka rundunar Fanna ita ce Kaltum mai shekara goma sha biyu, da Fatihu sarkin cika baki, da auta Aisha Humaira wadda ko makarantar allo ba ta daɗe da shiga ba. Matan gidan suka yi ta ƙus-ƙus, wai za a ga yadda za a ƙare.

Fanna ba ta fara da ɗaure kaya ba. Toka ta ɗebo ta ja layi biyu a tsakar gida, daga bakin rijiya har zaure, ta matse tsakaninsu. Ta naɗa wa kowa gammo da tsohon zani, ta ɗora masa kwano cike da ruwa.

"Wanda ya taka toka ya koma farko," ta ce.

Fatihu ya ce wannan ai wasan jarirai ne. Shi ya fara takawa, shi ya fara jiƙewa, Humaira ta wuce shi tana taku kamar amarya. Aka yi ta dariya har Ya Kolo na share hawaye. Amma zuwa yamma yaran sun haddace dokar uwarsu: ido a kan diddigen na gaba, ba waige, ba tsere, a tafi tare a dawo tare, don iyaka ba ta da wurin kaucewa.

Sannan ta kasa kayan gida daidai wuyan kowa. Hatsi ta fara fitarwa, ƙwarya-ƙwarya, don shi ne ba ya jure jiƙewa. Sai tufafi da tabarmi, sai tukwane da samiru, kowanne da tsumma a tsakani. Gadon ƙarfe ta kwance shi da hannunta, ta ɗaure kusoshinsa a bakin zani. Abin da ba a buƙata sai kaka, irin su turmin sussuka, ta bar shi a wajen Ya Kolo ba tare da ta yi masa kallo na biyu ba.

Kafin su fara jigila gero ya tsiro, kore shar, dama da hagu. Malam Muntaka ya kafa fartanyarsa a tsakiyar gona ya tsaya yana kallonsu. Sun gaishe shi ya amsa da ka. Ba taya su ya zo yi ba, laifi ya zo jira, kuma ya jira har ya gaji. Ko da aka zo kan akuya, wadda kowa ya ce ita za ta tona asiri, Fanna ta ɗaure mata takunkumi, ta saɓa wa Fatihu ɗan akuyar a kafaɗa. Uwar ta bi kukan ɗanta hanci a duga-dugan yaron, ko kallon tsiro ba ta yi ba. Fatihu ya isa yana hura hanci, kuma a wannan karon ya cancanta.

Ranar ƙarshe da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Saura sawu ɗaya: ƙarafan gado a kan Kaltum a gaba, Humaira a bayanta da tsintsiya da ludayi, Fatihu da kwandon kaji, Fanna a ƙarshe da babbar randa a ka. Suna tsakiyar gonar Malam Muntaka iska ta fara kaɗawa, aka yi tsawa. Humaira ta zauna daɓas a kan turba ta ɓare baki.

"Ni ba zan je ba! Wajen Kaka zan koma!"

Layi ya tsaya cak. Ba mai iya wuce ta sai ya taka tsiro. Fanna ba ta da halin sunkuyawa da randa a ka, ba ta da inda za ta sauke ta. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, yarinya ta ƙara sauti. Fanna ta ji ƙamshin ruwa a iska, ta tuna ɗakin da ba za su iya komawa cikinsa ba.

Kaltum ba ta jira an ce mata komai ba. Ta durƙusa a hankali, ta kwantar da ƙarafan a tsawon turba, ba wanda ya karkace. Ta juyo a kan diddige ɗaya, ta kwance ɗankwalinta, ta saɓa ƙanwarta a baya ta ɗaure tam.

"Yi shiru, Kaka na nan zuwa gobe, ke za ki shimfiɗa mata tabarma," ta ce.

Sannan ta sunkuya da goyon, ta tattaro ƙarafan, ta miƙe, ta ci gaba da tafiya.

Malam Muntaka ya tako har bakin iyaka. Ya dubi tsironsa, ya dubi yarinyar.

"Wannan 'yar wa ce?"

Ya sani sarai. Ya kuma san Kaltum 'yar fari ce, wadda uwa ba ta kama sunanta a gaban mutane, balle ta yabe ta. Shekara goma sha biyu Fanna na kiranta "ke" da "yarinyar nan". Amma abin da ya cika mata ƙirji a lokacin ya fi ƙarfin kunya.

"Tawa ce, Malam," ta ce. "Kaltum ce."

Kaltum ba ta waiga ba, doka ta hana. Amma Fanna ta ga yadda wuyanta ya miƙe. Tsohon ya yi gyaran murya, ya sunkuya ya tsinci tsintsiya da ludayin da Humaira ta yar, ya bi su a gefe ta cikin kunyoyin gonar. Gonarsa ce, shi kaɗai ke da ikon takawa. A ƙofar gida ya miƙa wa Fatihu kayan, ya ce Allah ya sa a shiga a sa'a, ya juya da sauri kamar wanda aka kama yana alheri.

Fanna ta sauke randa ke nan ruwa ya kece a kan rufin kwano. Yaran da suka tashi a ɗakin soro suka toshe kunne, sannan suka fara tsalle suna ihu. Wayarta ta yi ƙara a cikin ƙwarya. Bunu ne.

"Fanna, jikin Yaya da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ji an yi shuka. Ku yi haƙuri, ku lallaɓa a nan har kaka, in na dawo zan sa a tokare tsohon ɗakin nan... Wai wace ƙara ce haka? Ba na jin ki."

Ta miƙe tsaye ta ɗaga wayar sama, kusa da rufi, ta bar shi ya saurara. Sannan ta mayar da ita kunne.

"Fanna," ya ce a hankali. "Kwano nake ji?"

"Kwanonka ne, Malam."

"Wa ya kwashe ku?"

"'Ya'yanka."

Ta ji ya ja numfashi. "Suna ina?"

"Ga su nan duka a gabana," ta ce. "A bushe."