Uba Ya Tabbatar

Fensirin ya sake suɓucewa daga yatsun Chizuru, ya gangara ƙarƙashin tebur. Noboru ya yunƙura zai ɗauko wa 'yarsa, Malama Kuwabara, matar da hukumar ilimi ta aiko, ta ɗaga masa hannu.

"Bar ta, Baban Chizuru. Wannan ma yana cikin gwajin."

Ya koma ya zauna. Minti goma ake ba duk yaron da zai shiga aji ɗaya: ya zana da'ira, ya kewaye hoton da ya bambanta da sauran. Chizuru ta san amsa. Noboru na ganin idonta ya sauka kan hoton da ya dace tun ba a ƙarasa tambaya ba. Hannun ne ba ya jin magana, kamar ƙafafun, tun haihuwa.

Shekararta shida, amma ita ke karanta masa jadawalin cikar teku kafin ya fita kamun kifi. Tun rasuwar uwarta, muryarta ce kaɗai a gidan.

"Lokaci ya cika." Malama Kuwabara ta janye takardar, rabinta fari fat. "A gida yaya take?"

Ba a yabon ɗa a gaban baƙo. Haka ubansa ya yi da shi, haka kowa ke yi a tsibirinsu: kai ka kushe, baƙo ya musa ya yaba. Noboru ya sunkuyar da kai.

"Ai ba ta san komai ba, Malama. Ga ta da nawa. Mun dai ɓata miki lokaci."

Ya jira ta ce haba. Bai ji komai ba sai tafiyar alƙalaminta.

*

Bayan sati uku takarda ta zo. An tura Chizuru makarantar kwana ta masu naƙasa, can birni, awa huɗu a jirgin ruwa. A ƙasa an rubuta: uba ya tabbatar.

Ya naɗe busasshen kifi ya haura tudu wajen Shigeo, shugaban makarantar ƙauyen, wanda suka yi zaman benci ɗaya suna yara.

"Shigeo, ka san maganar ladabi na yi. Ita ma matar ta sani."

"Kowa ya sani." Shigeo ya tura masa shayi. "Amma aji ɗaya a bene yake. Matakala ashirin da biyu."

"Ku sauko da shi mana! Yara nawa gare ku? Uku! Ga ɗakuna nan a ƙasa, gizo-gizo ke karatu a ciki."

"Tun muna yara a sama yake."

"Tun muna yara kake matsoraci. Ni zan goya ta, safe da yamma."

"Kifin kuma ya kamo kansa ya kawo maka gida?" Shigeo ya fara dariya, ta mutu a hanya. Ya ja iska ta haƙora, idonsa na kan kofi. "Abin da wuya, Noboru."

Ya karɓi kifin da hannu biyu, ya yi godiya har sau uku.

*

Farkon watan Afrilu, da hantsi, wata ma'aikaciyar makarantar birni ta zo tafiya da ita. Chizuru na jingine da sandunanta a bakin gadar shiga jirgin ruwa, jaka ta rinjaye ta ta baya. Wata biyar ba ta tayar da zancen ranar gwajin ba.

"Baba."

"Na'am."

"Da gaske ban san komai ba?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ma'aikaciyar na tsaye dab da su, tana murmushi, tana jira. Ya durƙusa ya gyara wa yarinyar wuyan riga, wanda daman a gyare yake.

"Kada ki wahalar da mutane."

"To."

Aka ɗaga ta aka shigar. Ba ta waiwayo ba. Sandunan take kula da su. Noboru ya rusuna wa ma'aikaciyar, ya zauna a rusune har ƙarar injin ta yi nisa.

Da ya miƙe, jirgin ya zama ɗigo, masu rakiya duk sun watse. Ya duba dama, ya duba hagu. Babu baƙo.

"Kin fi su duka," ya ce.

Ruwa ya ci gaba da dukan ƙafafun gadar.