Manhajar da Ba Ta Cewa A'a

Duk ajinmu babu wanda bai san To-Malam ba. Ko cewa aka yi rana daga yamma take fitowa, muddin malami ne ya faɗa, sai ya rusuna ya ce, "To, Malam." Da wannan bawan Allah aka haɗa ni aikin kammala digiri, ni da wani kamfani ya riga ya ce in kawo shaidar gamawa bana in kama aiki. In na faɗi, shekara ta tafi, aikin ma ya bi ta.

Manhaja za mu gina. A zuba mata ƙa'idojin sashenmu, a ba ta sakamakon ɗalibi, ita kuma ta bi hujja daki-daki ta ce ya gama ko bai gama ba. Ni na rubuta ɓangaren da ke yanke hukunci, shi aka bar wa shigar da ƙa'idoji, aikin da ko ɗan aji ɗaya zai yi yana hamma.

Malaman da ke duba aikinmu su biyu ne, Farfesa da Dakta, kuma ba sa ga maciji da juna. Farfesa ya ce wanda ya faɗi kwas ɗaya a yafe masa, ya gama. Dakta ya ce bai gama ba, ko ɗan uban waye.

Na ce wa To-Malam, "Je ka ofishin jarrabawa ka ji wacce ce daidai, ita kaɗai za ka sa."

Ya ce to. Ashe gogan naka duka biyun ya zuba, ya nuna wa kowane malami tasa a ofishinsa, ya sha sa albarka. Alhali tun muna aji biyu aka nanata mana cewa in magana da akasinta suka haɗu a rumbun bayanai ɗaya, to komai aka tambaya zai tabbata. Yana kujerar gaba a lokacin, yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ranar kare aiki aka kawo wata baƙuwar malama daga wata jami'a, dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Farfesa ya fara gwaji: ɗalibin da ya faɗi kwas ɗaya ya gama? Allo ya nuna Eh. Farfesa ya kalli Dakta yana murmushin mugunta. Dakta ya jawo kwamfutar ya tambaya ko ɗalibin nan bai gama ba. Eh. Shi ma ya gyara zama yana hura hanci. Manyan masana biyu, babu wanda ya ga abin da ya faru, kowa na murnar ya kayar da ɗan'uwansa.

Baƙuwar ta miƙa hannu. Ta tambayi manhajar ko wanda bai taɓa yin rajista ba ya gama. Eh. Ta tambaya ko kujerar da take zaune a kai ta gama. Eh, kujera ma ta samu digiri.

"Ban ce ka cire tasa ba?" in ji Farfesa yana hararar To-Malam.

"To, Malam."

"Ni ban ce ka cire tasa ba?" in ji Dakta.

"To, Malam."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

Baƙuwar ta rufe kwamfutar ta cire tabarau. Ta ce, "A ganina ku biyun sai kun maimaita shekara. Sai dai in akwai mai ja a cikinku, ina saurare." Ni take kallo. Ta gane ɓangarena lafiyarsa ƙalau, abin da aka ba shi ya bi, ƙofa ce take buɗe mini.

Na ja numfashi, na buɗe baki.

"Babu ja, ranki ya daɗe," in ji To-Malam, har da rusunawa. "Mun yarda, mun gode."

Ta mayar da tabaranta, ta sa hannu, ta ce a kira na gaba.