Ɗanyen Kambu a Wutar Ligo

A unguwarmu ta bakin kogin Gauja, in ana maganar busar da ganye, to Velta ake nufi. Mu masu bin hanyar kakanni ba mu da yawa, 'yan gidaje ne a warwatse tsakanin daji da gonaki. Mutanen coci suna kiranmu mayu, amma da tari ya kama su cikin hunturu, ƙofarmu suke ƙwanƙwasawa. Kowace mace a cikinmu tana da wurin rataye ganyenta a ƙarƙashin rufin ɗaki, sai dai wuri suna ya tara. In kika hau na Velta, za ki tarar da na'a-na'a da tazargade da furannin daji a ɗaure kai ƙasa, kowane dami da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa don iska ta ratsa. Ita ta koya wa rabinmu. Ba ta yarda a baza ganye a rana, balle a kusa da wuta, in kuwa ta kama ki kin yi, sai kin gwammace kiɗa da karatu. Ni Rasma, da nake maƙwabciyarta, na sha wannan faɗan har na ƙoshi.

Babban bikinmu shi ne Ligo, ranar da rana ta fi daɗewa a sama. A kan tudu muke yinsa. Mata su saƙa wa kansu kambun furanni na ɗorawa a ka, su saƙa wa mazansu na ganyen ozol, wani ƙaton itacen daji da muka fi girmamawa. In an tashi kowa ya kai nasa gida ya rataye, ya shekara yana bushewa yana tsotse duk abin da shekarar ta zo da shi. Da Ligo ya zagayo sai a jefa tsohon a wuta. Kambun da ya shekara ba ya gardama da wuta, fuu ɗaya yake yi ya tafi. Wanda ya riƙe tsohon kambu ya riƙe tsohuwar shekara, haka muka taso muka ji ana faɗa.

Ana tsakiyar hunturu mijin Velta, Modris, ya yanke jiki ya faɗi a daji yana saran itace, bai ƙara tashi ba. Mutum ne mai ƙaton kai da ƙatuwar dariya. Kambunsa kullum shi ne abin tsokanar biki, domin Velta ba ta iya yi masa ƙarami ba, da rassa masu kauri take saƙawa har ya fito kamar tayar amalanke. Na bara yana nan rataye a ɗakin kwanansu, gefe ɗaya a lotse, inda ya yi matashi da shi cikin ciyawa bayan giya ta yi masa yawa.

Mai jagorantar bikinmu ita ce Biruta, yayar Modris. Ba muguwa ba ce, kada in ɗau alhakinta. Ita ta raini Modris, ta kuma yi kukan mutuwarsa har muryarta ta dushe. Amma mace ce da ba ta san kwana ba, in al'ada ta ce dama, to ko rami ne a daman sai ta taka. Da ciyawa ta fara tsayi ta zo gidan Velta, ina zaune muna tsince furanni. Ta ce bana kambun Modris ne zai fara shiga wuta, kafin na kowa, don a sallame shi ya kama hanyarsa. Ta ce girmamawa ce, kuma ta riga ta gaya wa jama'a. Velta ba ta ɗago kai daga furannin ba. Ta ce, "To, Yaya." Ni dai na ga yadda ta murje wani fure a tafin hannunta har ya zama ruwa, amma na ci gaba da tsince furannina, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ana saura 'yan kwanaki biki na ga hayaƙi yana tashi daga ɗakin wankan tururin Velta da rana tsaka, a tsakiyar mako. Wa ke wankan tururi a irin wannan lokacin? Na tsallaka shinge na tura ƙofa ba sallama, abin da na saba. A kan bencin sama, inda zafi ya fi yawa, ga wani sabon ƙaton kambun ozol a kwance. Ta tsoma shi a baƙin shayi don ya yi launin tsufa, ta kuma lotsa masa gefe ɗaya da hannunta. Velta ce fa, wadda ta taɓa kwashe mini na'a-na'a ta zuba wa kaji don ta gan shi a kusa da murhu.

Ta tsaya a gaban bencin kamar yarinyar da aka kama da hannu a tulun zuma. Fuskarta ta yi ja, kuma ba zafin ɗakin ba ne kawai. Ni ma kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ta ce kayansa duk ta rabar, rigunan da takalman da gatarin, don haka ake yi. Kambun bara ne kaɗai ya saura da siffar kansa. Ta ce har yanzu akwai silin furfurarsa a maƙale a cikin ganyen.

Na ce mata ta je ta gaya wa Biruta gaskiya mana, ai ba dodo ba ce.

"Ni da nake koya wa yara al'ada?" in ji ta. "In je in ce ni ce na kasa? Ke dai ki riƙe bakinki, Rasma, in kin taɓa iyawa."

Na ɗaga sabon kambun na juya. Launin ya yi, ganyen yana ƙaras-ƙaras. Nauyin ne bai kwanta mini ba. Na ce me ya hana ta yi da siraran rassa, waɗanda za su bushe da wuri? Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ba ta taɓa yi wa Modris kambun rowa ba, ba za ta fara yanzu ba, ko da na ƙarya ne.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar Ligo ta zo da sama garau. Tun safe muka shiga makiyaya muna tsinko ganyayen magani, don na wannan ranar sun fi ƙarfi. Da yamma aka hau tudu da cukun biki da baƙin burodi da tulunan giya. Aka yi waƙe-waƙen zambo kamar kullum, maza suna zolayar mata, mata suna ramawa. Gunars mai kiwon zuma, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya yi mini baiti a kan hancina, na mayar masa da ɗaya a kan sanƙonsa, aka kwashe da dariya. Velta tana gefe da kambun a ƙarƙashin wani farin zane. Ko cuku ba ta taɓa ba.

Da rana ta sauko kan bishiyoyi aka kunna wuta. Biruta ta ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. Ta kira sunan ƙanenta, ta faɗi irin kirkinsa, ta ce ga matarsa za ta sallame shi. Velta ta yaye zanen. Wasu mata suka fara share hawaye da ganin lotsattsen gefen nan, har Gunars ya cire hularsa. Ta matsa ta ɗora kambun a tsakiyar wutar ta ja da baya.

Ganyen ya kama, ya ƙone. Daga nan sai abin ya tsaya. Rassan suka yi kwance a kan garwashi suna fitar da farin hayaƙi mai kauri, irin mai sa hawaye. Sai kuma ƙara, tsiii, kamar an ɗiga ruwa a kasko. A bakin kowane reshe, inda wuƙa ta yanka, ruwa yana tsattsafowa yana kumfa. Babu ko yaro a kan tudun nan da bai san kukan ɗanyen itace ba.

Gunars, da yake giya ta riga hankalinsa isowa, ya ɗaga murya zai yi baiti, wai Modris har a can ma bai daina jiƙa maƙoshi ba. Bai kai ƙarshe ba matarsa ta taka masa ƙafa. Ba ka jin komai sai rassan nan suna ta tsiii. Na kalli Velta. Ta sunkuyar da kai, wuyanta ya yi jawur har cikin riga, hayaƙin kuma kamar da gayya ya karkato kanta. Da ƙasa za ta tsage, da ni da ita duk mun shige.

Biruta ta daɗe tana kallon wutar. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya sa kowa ya ji.

"Velta, mu kika yi wa ƙarya, ko shi?"

Velta ta naɗe farin zanen a hankali, ta ajiye a kan ciyawa, ta juya ta gangara tudu. Muka bi ta da kallo har ta shige bayan bishiyoyi. Kowa ya ɗauka ta tafi ta kulle kanta ke nan, ni ma haka na zata.

Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na matsa kusa da Biruta na gaya mata abin da ke raina. Na ce matar nan ta rabar da komai na mijinta ba ta ce a'a ba, abu ɗaya ta so ta riƙe, mai furfurarsa a jiki, shi ma tsoronmu ya hana ta roƙa. Na ce mutum ya zauna da mu shekara da shekaru, amma ya gwammace ya dafa ganye a ɗakin wanka da ya faɗa mana yana jin ciwo, to wane ne ya kamata ya ji kunya? Ina faɗa ina jin tawa kunyar, domin ni na sani tun kafin kowa, kuma duk abin da na iya yi shi ne auna nauyin rassa.

Da Biruta ta ji zancen furfurar sai ta zauna a kan kututture. Can ta ce ba ta sani ba. Ta ce gobe da safe za ta je da kanta ta ce wa Velta ta riƙe kambun, shekara nawa take so, Modris ba mai gaggawa ba ne. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, kowa yana cewa ai da ma, ai da ma. Yanzu kowa ya zama mai tausayi. Amma magana zarar bunu ce.

Matar Gunars ce ta fara hango ta. Velta tana hawowa tudu, a hankali, ta rungume abu a ƙirjinta da hannu biyu. Iska tana kaɗa shi, ƙananan ganye suna karyewa suna zuba a bayanta. Ba wanda ya tambaya ko mene ne, kowa ya gane ainihin kambun Modris. Mutane suka dare suka ba ta hanya, duk idanu a ƙasa.

Biruta ta miƙe da sauri ta tare gabanta. Ta kai hannu ta taɓa lotsattsen gefen.

"Mayar da shi gida, ƙanwata. Ni na yi kuskure. Ki riƙe abinki."

Velta ta girgiza kai. Idonta a bushe yake, muryarta ma haka.

"Da can abina ne, Yaya, ni da shi kawai muka sani. Yanzu in na kalle shi a bango, ba shi zan gani ba. Ku zan gani, kuna kallona."

Velta ta kewaye Biruta. Ta ɗan tsaya a bakin wutar, ta sa hancinta cikin ganyen ta shaƙa sau ɗaya, sannan ta saki.

Fuu ɗaya ya yi. Harshen wutar ya tashi ya fi tsayin mutum, tartsatsi ya watsu sama, kafin ka ce kwabo babu komai sai toka tana saukowa a kan kafaɗunmu. A al'ada nan ne ake ɗaukar waƙa. Ba wanda ya ɗauka. Mun san ba sallama muka gani ba, mace muka gani da muka ƙwace wa abu da idanunmu, kuma kowa ya ji kunyar haɗa ido da na kusa da shi.

Velta ta tsaya da hannuwanta a buɗe, kamar ba ta san abin da za ta yi da su ba. Daga baya ta goge su a jikin siket ɗinta, ta tambayi matar Gunars ko cuku ya saura. A tsakiyar wutar kuwa, ɗanyun rassan nan suna nan kwance, suna ta hayaƙi.