Ƙwan Dangin Ɓauna

Takardun asibiti uku Oforiwaa ta ɓoye a ƙarƙashin bandiran baƙin yadi, a shagonta na kasuwar Kejetia a Kumasi inda take sayar da zannuwan makoki. Da ciniki ya lafa sai ta zaro su ta sake karantawa, kamar za su canza magana. Shekararta arba'in da huɗu, sha shida a ɗakin Kwarteng, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Likitan ƙarshe bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce mahaifa lafiya lau take, ƙwan haihuwa ne ya ƙare, sai dai a karɓi na wata yarinya a haɗa da irin mijinta a dasa mata.

Shi Kwarteng abin bai hana shi barci ba, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba. A wurinmu Asante ɗa na dangin uwarsa ne, jini ta wajen mace yake bi, kuma ƙannensa mata sun haifa wa gidansu yara har an rasa wurin shimfiɗa tabarma. Gidan su Oforiwaa ne ya zo gargara. Su dangin Ekuona ne, masu alamar ɓauna, kuma a tsatson kakarsu mata biyu suka rage, ita da tsohuwarta Maame Pokuaa. Ranar da aka binne su biyun, gonar koko da kujerun kakanni za su koma hannun wasu 'yan'uwa na nesa da ko sunan kakar ba su sani ba.

Asibiti na farko da suka je neman ƙwan a Accra yake, ga sanyi ga kujeru masu laushi, kuma kowa ya shaida likitarsu tana da sa'ar hannu. Ta nuna musu abin da ake rubutawa game da 'yan matan da ke ba da ƙwai: tsawo, launin fata, rukunin jini, sikila, zurfin karatu. Oforiwaa ta bi takardar da yatsa har ƙasa, sannan ta tambayi inda ake rubuta dangi. Likitar ta yi murmushin da 'yan boko ke yi wa tambayar ƙauye, ta ce ba sa tambaya, ko sun sani ma ba sa faɗa. Asibiti na biyu bai ko bari ta ƙarasa tambayar ba.

A motar dawowa Kwarteng ya dage a kan na farko. Ya ce ɗan da zai kwana wata tara a cikinta ya sha nononta, wa zai tsaya bin diddiginsa? Ta tuna masa cewa shi Asona ne, dangin hankaka, waɗanda in ka jefa dutse a kasuwa sai ya faɗa kan ɗayansu. In yarinyar ta zamo Asona, to ƙanwarsa ce, kuma haɗa jinin wa da ƙanwa shi ne abin da a da ake kashe mutum a kansa.

"Ke da kike sahun gaba a coci kowace Lahadi," in ji shi, "yau hankaka da ɓauna ne suka hana ki sakat?"

"Maigida, kai naka gidan a cike yake, shi ya sa bakinka ke da sauƙi. Ni ba ɗa kawai nake nema ba. Jinin uwata nake nema."

Na ukun a bayan garin Kumasi yake, a saman wani shagon tayil, janaretansu yana tari kamar tsohon mashayin taba. Oforiwaa ba wawuya ba ce, ta ga tsagar bango, ta kuma ji cewa matan da ke fita da ciki daga nan ba su kai na Accra ba. Ta san kuɗin filinta da ta sayar ba zai kai ta gwaji na biyu ba. Amma da ta yi tambayarta, nas ɗin, Sista Agyeiwaa, ba ta yi dariya ba. Ta gyaɗa kai, ta ce akwai wata Anti Dufie da ke kawo musu 'yan mata, ta san kowacce har kakarta. Bayan mako uku aka buga waya cewa an samu 'yar Ekuona. Oforiwaa ta shige bayan bandiran yadi ta yi kukan daɗi.

Ranar cire ƙwai su kaɗai ne ma'aurata a asibitin. Da aka kira Kwarteng ciki, ta zagaya baya neman banɗaki. A kan wani benci ta ga yarinya da ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta dunƙule tana riƙe da mara, audugar allura manne a hannunta. Wata ƙatuwar mata mai gashin kanti tana tsaye a kanta da kwalbar maltina.

"Anti Dufie, ni fa ƙaryar nan ta tsaya mini a rai," in ji yarinyar. "Da nas ta sake tambayata, saura kaɗan in ce Asona."

"Ki faɗa mana, shashasha, ki koma gida da ƙafa. Wa ya taɓa ganin ƙahon ɓauna a goshin mutum? Matar nan 'yar Ekuona take so, to yau ke Ekuona ce. Gobe in wani ya zo neman damisa, sai ki fito da zane a jiki. Shanye ki tashi."

Oforiwaa ta koma kujerarta ba tare da ta shiga banɗakin ba. Kwarteng ya fito yana gyara bel, yana zolayarta cewa shi ya gama nasa aikin. Ba ta gaya masa ba. Kwana biyar aka ba ta kafin dashe, ta yi su tana auna wa mutane baƙin yadi, tana cin sakwara ba ta jin ɗanɗano. Sau biyu ta ɗauki waya za ta ce ta fasa. Sau biyun fuskar tsohuwarta ce ta hana ta, matar da ƙafa ta daina ɗauka amma kullum take tambayar yadda maganin likita ke tafiya. Tsoro ne ya kai ta, ba wani abu ba, tsoron komawa ƙauye hannu rabbana. A rana ta biyar ta hau gadon ta rufe ido.

Abin haushi, cikin ya kama. Asibitin da ba a yaba ba ya yi abin da ake nema a karo ɗaya, kuma hoton wata biyar ya nuna mace ce.

Ta je ƙauye da albishir wata Asabar. Maame Pokuaa ta sa aka zaunar da ita, ta zuba giya a ƙasa tana kiran kakanni mata ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance ƙullin zane ta fito da jigidar kakarsu ta sa wa 'yarta a tafin hannu. Ta ɗora busasshen hannunta a kan cikin, hawaye na bin tamojin fuskarta. Ta ce yanzu ko gobe mutuwa ta zo, ba ta da kaico.

"Har miji na zaɓa mata," ta ce tana dariya cikin kuka. "Ɗan ƙanwar ubanta, wannan mai wayon. Yadda aka saba tun kakanni. Asona sun iya riƙon mace, ke shaida ce. Ko ba haka ba, 'yata?"

Jaririyar ta motsa a ƙarƙashin hannun tsohuwar. Oforiwaa ta damƙe jigidar har duwatsun suka shiga namanta.

"Haka ne, Maame," ta ce.