Rabin Waƙar Malam Tan

"Baba, sake yi, hasken bai fito ba," in ji Deming, yana kara waya dab da fuskar mahaifinsa.

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon kunun shinkafa, raina na tafasa. Malam Tan, maƙwabcina, yana jingine da matashi, an zura masa doguwar riga irin ta mutanen da a kan kayan barcinsa, ana sa shi rera 'yar waƙar nan da kowane ɗan firamare ya haddace. Likita ya ce huhunsa ya ƙare. Ɗan numfashin da ya rage masa, a kan wannan ake ƙarar da shi.

Tsofaffin waƙoƙin ƙasarmu Sin, na zamanin daular Han da ta Tang, suna nan a kowane shagon littattafai. Abin da babu a takarda shi ne karin: inda ake jan murya da inda ake sauke ta da harshen garinmu, yadda Malam ya karɓa daga kakansa. Duk lungunmu ni kaɗai na zauna na koya, ni da na tsufa ina yanka tikitin bas. Mun kai tsakiyar wata doguwar waƙa ta matar da ke jiran mijinta daga fagen yaƙi, daidai inda matar ta hau bene, ciwo ya kwantar da shi.

Shi kuwa Deming, yana yaro toshe kunne yake in uban ya fara. Ya dawo daga Shanghai ya ɗora bidiyon uban guda ɗaya a intanet, mutane suka yi ta yabo, shi ke nan ya zama ɗa nagari mai kishin gado.

Na ce masa in ɗauka zai yi, ya ɗauki doguwar, ita ce ba wanda ya iya.

"Haba Goggo Lu, wa zai zauna kallon wannan? Mutane gajera suke so."

"Mutane? Ubanka ne fa, ba birin wasa ba."

Ya ce ni ba dangi ba ce, in ajiye kunun in kama gabana. Malam ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Gobe da safe," ya ce da ƙyar. "Daga inda ta hau bene."

Washegari na tarar da ƙofa a rufe. Matar Deming ta ce Baba yana hutawa, alhali ta taga ina jin ana sa shi maimaita gajerar. Haka na yi ta zarya har safiyar da na ga an rataye farin ƙyalle a ƙofar, alamar rasuwa.

A wurin makoki an kunna bidiyon a babban allo, Deming na sharar hawaye, baƙi na yaba masa. Sai ya ɗago waya ya nufo ni.

"Goggo, yi mana doguwar nan, an ce ke ce magajiyarsa."

Saura kaɗan in watsa masa shayin da ke hannuna. Amma na ajiye, na kunna turare gaban hoton Malam, na rusuna, na fara. Na ja inda ake ja, na sauke inda ake saukewa, har matar ta hau bene. Sauran baitocin duk suna kaina, amma ban san da wace murya ake ɗaukarsu ba. Na tsaya.

"Ci gaba mana, Goggo," in ji Deming a hankali.

Ban ko dube shi ba. Ina kallon tokar turaren tana lanƙwasa, har ta karye ta faɗa cikin kasko.