Kohilar Yasawati

Malam Jinadasa bai taɓa zaton zai sa ƙafa a fadamar Yasawati ba. Shekara talatin yana shugabantar makarantar ƙauyen, ko tari ya yi sai yara su nutsu. Shi ne kuma ya rubuta wa hukuma takarda har shafi uku, wai fadamar maƙwabciyarsa gidan sauro ce, a cike ta da ƙasa.

Sai ga basur ya kama shi, zama ya gagara. Mai maganin gargajiya ya ce ba makawa sai kohila, wani tsiron fadama, saiwar da sabon ganyen, kullum a miya. Kohila kuwa duk ƙauyen babu sai a fadamar nan, a kasuwa ma Yasawati ke sayarwa, da ita ta raini 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Kuma kowa ya san ciwon da ke sa dattijo ya nace wa kohila.

Ranar ibadar cikar wata, da ya ga ta nufi haikali cikin fararen kaya, ya ɗauki wuƙa ya lallaɓa fadamar ta bayan itatuwan kwakwa. To, kohila ba ta san shugaban makaranta ba. Ƙaya ce tun daga saiwa har ganye. Ta yage masa hannu, ta riƙe masa zanin da yake ɗaure da shi kamar sauran mazan ƙauyen, taɓo ya haɗiye shi har gwiwa. Yana ja, zanin na kwancewa.

"Malam, ai ba haka ake kama ta ba."

Yasawati ce, ta dawo ɗaukar furannin ibada da ta manta. Jinadasa ya so taɓon ya ƙarasa haɗiye shi ya huta.

"Sauro... sauron na zo dubawa."

"Da wuƙa?"

Ba ta yi dariya ba, wannan ya fi ƙona masa rai. Ta tattare farin zaninta ta shiga, ta yi ta yankan saiwa har ta cika kwando.

"A cire zaren, a dafa da madarar kwakwa. Haka na yi wa marigayi, sati biyu ya koma hawa keke."

Kunya ta kama shi har kunnuwa. Da ƙyar ya ce, "Ya yi yawa, Yasawati. In ta ƙare na dawo."

"Ɗauka dai, Malam. Jibi mota za ta kawo ƙasar cike fadamar. Hukuma sun ce ba su taɓa ganin takarda mai kyau kamar taka ba."

Ya tsaya, hannu ɗaya da kwando, ɗaya riƙe da zani, ya rasa wanda zai rufe fuska da shi.